Kafin Ka Kwashe Iyali Zuwa Gana: Yadda Ake Zagaya Garuruwan Bakin Teku a Koyi Zama da Mutanensu

Duk wanda ya yi niyyar barin Kano, Zariya, Sakkwato ko Maraɗi domin ya koma kudancin Gana da zama, ko don kasuwanci, ko karatu, ko wani aiki da ya samu, ya kamata ya fara zuwa shi kaɗai na wasu makonni, ya zagaya garuruwan bakin teku, kafin ya sayar da ko tsinke a gida. Galibin masu zuwa daga arewa a Accra suke sauka, su wuce Nima ko Mamobi ko Sabon Zango, su tarar da Hausa a bakin kowa, ga koko da ƙosai da safe, ga kiran salla ta kowace kusurwa, sai su ɗauka sun riga sun san ƙasar. Alhali zango unguwa ce a cikin garin wasu. Mai gidan da zai ba ka haya, da sarkin da ke da iko da filin da kake sha'awa, da malamar da za ta koyar da 'ya'yanka, akasari 'yan ƙabilar Fante ne ko Ga ko Ewe, kuma al'adarsu ce take tafiyar da garin. Manufar wannan tafiya ta gwaji ita ce ka gano ko za ka iya zama da su, kuma a wane gari.

Lokacin da ya dace ka je

Mutane sun fi son zuwa a watan Disamba ko Janairu, lokacin da iskar hunturu take kaiwa har bakin teku, sama ta bushe, gari ya yi daɗi. Wanda zai zauna kuwa, gara ya je tsakanin Mayu da Yuli, lokacin babbar damina, domin a nan ne gari yake nuna ainihin halinsa. A nan za ka ga unguwar da ruwa yake kwanciya, da titin da mota ba ta iya shiga, da ɗakin da bangonsa yake tsattsafo. Ambaliyar da aka yi a Accra ranar 3 ga Yunin 2015, wadda ta haɗu da gobara a wani gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, ta hallaka kimanin mutum 150, kuma har yanzu ana yawan samun ambaliya a sassan birnin da ke kwari. Yanayin ma ba ɗaya ba ne a tsawon gaɓar: Accra ba ta samun ruwa da yawa idan aka kwatanta ta da yamma, amma Axim, kusa da iyakar Kodebuwa, tana cikin wuraren da suka fi ko'ina ruwan sama a ƙasar. Zafin bakin teku kuma ba irin na Maris a Sakkwato ba ne. Bai kai shi ƙuna ba, sai dai gumi ba ya bushewa a jiki, wanki yana iya kwana biyu a igiya, tufafin da aka ajiye a akwati kuma su yi fumfuna. Wasu jikinsu yana sabawa cikin kwanaki, wasu kuwa, musamman masu ciwon asma, ba sa jin daɗinsa ko kaɗan.

Takardu da hanya

Ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar ECOWAS yana iya shiga Gana ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90, bisa yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979. Ka riƙe fasfo mai rai da katin rigakafin shawara, domin ana tambayarsa a kan iyaka. Mutanen Nijar, wadda ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, su tabbatar da ƙa'idar da ake bi a ofishin jakadancin Gana kafin su tashi. Ta mota, hanyar ita ce Legas, Seme, Kwatano, Lome, sannan Aflao, wadda ita ce ƙofar Gana ta gabas. Ka duba adadin kwanakin da aka rubuta maka a hatimin shiga tun kana gaban jami'in, kada ka bari sai ranar fita.

Garuruwan da za ka gani

Kada ka yi wa tafiyar tsarin ɗan yawon buɗe ido, kwana ɗaya nan, kwana ɗaya can. Ka zaɓi gari uku ko huɗu, ka ba kowanne aƙalla mako guda, yadda za ka ga Talatarsa da Juma'arsa da Asabar ɗinsa, domin kowace daga cikin ranakun nan tana da abin da take koya wa baƙo.

Accra da Tema su ne wurin hada-hada. Tashar jiragen ruwa ta Tema, wadda aka buɗe a 1962, ita ce babbar mashigar kayan ƙasar, amma haya a can tana da tsada, cunkoson motoci kuma yana cinye yini. Daga tashar Kaneshie ake samun motocin yamma. Bayan an tsallake cunkoson Kasoa sai Winneba, garin mutanen Effutu mai jami'ar horar da malamai, sannan Saltpond, sannan Cape Coast, wadda take kimanin kilomita 150 daga Accra. Cape Coast ita ce hedikwatar Turawan Ingila har zuwa 1877 da suka mayar da mulki Accra, kuma tun daga lokacin garin ya koma na makarantu da ma'aikata da masunta. Rayuwa a can ta fi sauƙi da kwanciyar hankali, sai dai kuɗi ba sa juyawa kamar a babban birni. Elmina tana kusa da ita ƙwarai, tafiyar 'yan mintoci a tasi. Gaba kuma akwai Sekondi da Takoradi, tagwayen garuruwa, inda aka buɗe tashar jiragen ruwa a 1928, kuma tun da aka gano mai a teku a 2007 aka fara haƙarsa a 2010, farashin gidaje a can ya tashi. Wanda ya fi son gabas sai ya leƙa Ada, ƙasar Dangme, da Keta, ƙasar Anlo-Ewe, amma ya sani cewa teku ya daɗe yana cin gaɓar Keta, har ya haɗiye wani ɓangare na tsohon garin, don haka fili mai araha a bakin ruwa abin tambaya ne.

A duk inda ka sauka, ka bar otal bayan kwana biyu, ka nemi ɗaki a gidan haya ko masauki mai sauƙi a cikin unguwa. Ka riƙa hawa tiroto, wato ƙananan motocin haya, ka yi cefane da kanka a kasuwar Kotokuraba ta Cape Coast ko kasuwar tsakiyar Takoradi, kana rubuta farashin shinkafa, man girki, gas da kuɗin mota a littafi.

Ka fara da bakin ruwa

A Elmina, ka tashi bayan sallar asuba ka je gadar da ke kan bakin tafkin Benya, a gindin tsohuwar ganuwa, wato katafaren ginin tsaro, da Turawan Fotugal suka gina a 1482, wadda 'yan Holan suka ƙwace a 1637, daga baya ta koma hannun Ingila a 1872. Daga kan gadar za ka ga manyan kwale-kwale masu fenti kala-kala da tutoci suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, samari suna tsunduma cikin ruwa har ƙirji suna ɗauko kifi a manyan kwanonin silba a ka. Ka lura da wanda yake karɓa. Mata ne. Maza suna shiga teku, amma ciniki da ƙyafe kifi da kai shi kasuwannin cikin ƙasa duk a hannun mata suke, har suna da shugabarsu da ake kira konkohemaa wadda take sa baki a farashi, kamar yadda masunta suke da nasu sarkin, apofohene. Da yawa daga cikin matan nan su ne suke ba da kuɗin man injin da ragar, saboda haka kifin nasu ne tun bai iso gaɓa ba. Ɗan arewa da ya saba yin ciniki da maza ya kamata ya daidaita harshensa tun daga nan, domin a kudancin Gana mai shago, da mai gidan haya, da wadda za ta ba ka bashin kaya, sau da yawa mace ce, kuma ba ta jiran wani namiji ya yanke mata magana.

Ka koma wurin ranar Talata. A yawancin garuruwan gaɓar ba a shiga teku a ranar, sai ka tarar da masunta zaune a inuwa suna ɗinkin raga. Al'ada ce ta gargajiya da ta shafi girmama teku, kuma Kirista da Musulmin garin duk suna kiyaye ta. Ba sai ka yarda da abin da ke bayanta ba, amma kada ka yi mata ba'a a gaban mutane. Haka nan ganuwar Elmina da ta Cape Coast, waɗanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1979, ka shiga ko sau ɗaya ka ga kurkukun da aka tsare bayi kafin a loda su a jirgi. Mutanen garin da baƙi daga Amurka suna ɗaukar wurin da muhimmanci ƙwarai, kuma daga cikin waɗanda aka bi da su ta nan akwai mutanen da aka kamo daga arewa. Wani gargaɗi kuma ga wanda iyakar ruwansa kogi ko dam: igiyar tekun nan tana janye mutum zuwa ciki ko da a wurin da ruwa bai wuce gwiwa ba, saboda haka kada ka shiga, kada kuma ka bar yara su shiga, sai inda mutanen gari suka ce babu laifi.

Zango da iyakarsa

Kusan kowane gari a gaɓar yana da zangonsa, da sarkin zango, da limami. Tushen abin tsoho ne: fataucin goro zuwa Gwanja da kasuwar Salaga, sannan sojojin Hausa da Turawan Ingila suka kawo daga Legas a yaƙinsu da Ashanti a 1873 da 1874. Ranar Juma'a ka je masallacin zango, ka gaida limami bayan salla, ka faɗi garinku da abin da ya kawo ka, ka nemi a haɗa ka da wani dattijo da ya daɗe a garin. Ta wannan hanya ake samun dillalin gida mai amana da labarin unguwar da ba a so. Za ka ji Hausar can ta ɗan bambanta, musamman yadda da yawa suke amfani da "ya" ga namiji da mace, kuma ka sani ba duk mai jin Hausa ne Bahaushe ba. Akwai Dagomba, Mosi, Zabarmawa, Kotokoli, Wangara da Fulani. Kada ka gyara wa kowa magana, domin babu abin da ya fi saurin ɓata wa baƙo suna a zango irin nuna cewa shi ne ya zo da Hausa ta asali.

Sai dai ka ƙayyade wa kanka lokacin da za ka yi a can. A ƙidayar 2021 Musulmi sun kai kusan kashi 20 cikin 100 na al'ummar Gana, Kiristoci kuwa kimanin kashi 71, kuma a garuruwan Fante rinjayen Kiristoci ya fi haka. Zaman lafiyar da ke tsakanin addinan biyu abin a yaba ne, Babban Limamin ƙasa Shaikh Usman Nuhu Sharubutu ma ya taɓa halartar taro a cocin Katolika a Accra a 2019, amma zaman lafiyar ya ginu ne a kan kowa ya san gonar kowa. Wanda ya yi wata guda bai ci abinci ko sau ɗaya a gidan Bafante ba, bai koyi komai game da inda zai zauna ba.

Gaisuwa da shiga gidan mutane

A nan ne baƙo ya fi yin kuskure ba tare da ya sani ba. Idan ka shiga wurin da mutane suke zaune a jere, ka fara miƙa hannu daga wanda yake damarka, ka bi su ɗaya bayan ɗaya zuwa hagu, ko da babban cikinsu yana tsakiya. Hannun hagu ba a ba da abu da shi, ba a karɓa, ba a nuna mutum, wanda wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Bayan ka zauna za a kawo maka ruwa, ka karɓa ka kurɓa, sannan masu gida su taso su ma su gaishe ka, su yi maka akwaaba, wato barka da zuwa. Sai bayan haka za a tambaye ka abin da ke tafe da kai, ko da kuwa an riga an san shi, kuma ana so ka ba da labarin tun daga tasowarka. Wanda ya shigo ya faɗa kan maganar haya ko fili tun bai zauna ba, an riga an yanke masa hukunci a zuci.

A fadar sarki ba a yi wa sarki magana kai tsaye. Akwai mai magana da yawunsa, okyeame, mai riƙe da sanda mai ado a kai, shi kake faɗa wa, shi kuma ya isar, ko da sarkin yana jin ka sarai. Ana cire takalmi, mai yafe da zane kuma ya sauke shi daga kafaɗa. Al'ada ce a kai kwalbar barasa a matsayin gaisuwa, amma Musulmi yana iya gaya wa wanda ya raka shi tun kafin a shiga cewa zai ba da kuɗi a madadinta, kuma fadojin da suka saba da mutanen zango sun san da haka. Idan aka zo zuba abin sha a ƙasa don kiran kakanni, ka tsaya shiru har a gama.

Ka koyi 'yan kalmomi: medaase ita ce godiya a wurin Fante, akpe a wurin Ewe, oyiwaladon a wurin Ga. Mutanen kudancin Gana suna magana a hankali, suna yawan sa kalmar roƙo a gaban kowace buƙata, kuma da yawansu suna kallon 'yan Najeriya a matsayin masu ɗaga murya da gaggawa. Ko zargin gaskiya ne ko ba gaskiya ba, da shi za a fara auna ka, don haka ka sassauta murya a tasha da kasuwa. Za a kuma tambaye ka ranar da aka haife ka, domin su ma suna sa suna da rana kamar yadda muke da Ɗanjuma da Asabe da Talatu: namijin Juma'a Kofi, macen Efua, namijin Asabar Kwame, macen Ama. Ka zo da amsarka a shirye, domin da wannan sunan maƙwabta za su riƙa kiran ka.

Bukukuwa, jana'iza da gado

Kowane gari yana da bikinsa na shekara, kuma bikin yana zuwa da dokoki. A Winneba ana yin Aboakyer a Asabar ta farko ta Mayu, inda ƙungiyoyin mayaƙan gargajiya biyu da ake kira asafo suke gasar kamo dabbar daji da rai. Elmina tana yin Bakatue a Talatar farko ta Yuli, Cape Coast tana yin Fetu Afahye a Asabar ta farko ta Satumba, Anlo kuma suna yin Hogbetsotso a farkon Nuwamba. Wanda ya fi shafar mazaunin Accra shi ne Homowo na Ga, domin kafin bikin ana hana kiɗa da hayaniya na kusan wata guda, galibi daga Mayu zuwa Yuni, kuma dokar tana hawa kan lasifikar da ke wajen coci da masallaci. Wanda yake shirin walimar aure ko suna ya duba wannan kalanda tukuna.

Jana'iza kuwa babban sha'ani ce. Ana iya ajiye gawa makonni ko watanni a asibiti har dangi su shirya, sannan a yi taro ranar Asabar, a rufe titi da rumfuna, jama'a cikin baƙi da ja, ana kiɗa, ana rubuta gudummawar kowa a ba shi rasit. Ga wanda ya saba a binne mamaci kafin la'asar, abin yana da nauyi a ido, amma idan maƙwabcinka ko mai gidanka ya yi rashi, zuwanka da 'yar gudummawarka shi ne abin da za a daɗe ana tuna maka.

Fante, kamar sauran ƙabilun Akan irin su Ashanti, suna bin dangi ta wajen uwa, Ga da Ewe kuwa ta wajen uba. Wannan yana da amfani ga mai neman gida, domin gidan da wani ya ce na mahaifinsa ne yana iya zama na dangin uwar mahaifin, mai maganar kuma ba shi da ikon ba da shi. Ka tambayi wane ne shugaban dangin, kuma da saninsa ake ba da hayar ko a'a.

Gida, fili da kasuwanci

Idan ka je duba gida kusa da teku, ka kalli ƙarfen taga, da kwanon rufi, da bayan firji ko fankar masu gidan. Iskar gishiri tana cin ƙarfe da kayan lantarki, mota ma ba ta tsira, kuma gidan da yake nesa da gaɓa da kilomita biyu ko uku ya fi sauƙin riƙo. Ka buɗe famfo da hannunka, ka tambayi maƙwabta, ba dillali ba, kwana nawa ruwa yake zuwa a mako, domin haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, wadda ake kira galamsey, ta gurɓata kogin Pra da ake tace ruwan yankin Cape Coast da Takoradi daga cikinsa. Ka tambaya ko mitar wuta taka ce kai kaɗai ko ta haɗaka. Dokar haya ta 1963 ta ce kada kuɗin gaba ya wuce na wata 6, amma a aikace masu gidaje suna neman shekara ɗaya ko biyu, don haka kuskuren zaɓen unguwa yana da tsada. A wajen ciniki kuma ka kula: tun 2007 aka sauya kuɗin ƙasar, tsohon sidi 10,000 ya koma sidi 1, amma har yanzu wasu dattawa da 'yan kasuwa suna lissafi da tsohon, su ce miliyan ɗaya suna nufin sidi 100. Ka sa a rubuta maka adadin a takarda.

Kundin tsarin mulkin 1992 bai yarda baƙo ya mallaki fili har abada ba. Iyakarsa haya ta shekara 50. Sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ko uku sanannen abu ne a kewayen Accra da Kasoa, saboda haka a wannan tafiya ta farko kada ka biya kuɗin fili ko da an ce gobe za a sayar wa wani.

Mai niyyar buɗe shago ya fi kowa buƙatar bincike. Dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa sayar da kaya a kasuwa da ƙananan sana'o'i irin su aski da tuƙin tasi, ta kuma ɗora wa baƙon da zai yi cinikin kaya jarin dala miliyan 1 da ɗaukar 'yan Gana 20 aiki. A kan wannan doka ne aka rufe shagunan 'yan Najeriya da dama a Accra da Kumasi a 2019 da 2020. Dattawan zango kuma ba su manta da 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙin da ba su da takardu, ciki har da waɗanda aka haifa a can. Ka je da kanka cibiyar kula da zuba jari da ofishin shige da fice a Accra, ka ji matsayin doka a ranar da ka je, da sharuɗɗan izinin zama da katin shaida na baƙi wanda ake nema wajen buɗe asusun banki da rajistar layin waya. Maganar "kowa ma haka yake yi" ba ta hana a garƙame shago.

Mai 'ya'ya ya ware yini biyu don makarantu. Cape Coast tana da tsofaffin makarantun sakandare da suka yi suna, irin su Mfantsipim da aka kafa a 1876, inda Kofi Annan ya yi karatu, amma yawancinsu na mishan ne, kuma an sha samun taƙaddama a ƙasar kan azumi da salla da hijabi a irin waɗannan makarantu. Ka zauna da shugaban makarantar da kake so, ka yi tambayoyin nan ɓaro-ɓaro, ka kuma tambayi limamin zango inda yaran unguwa suke zuwa islamiyya da yamma. Idan ka koma gida da littafin lissafinka kuma har yanzu wani gari yana ranka, ka sake dawowa tare da maiɗakinka na mako guda kafin ka biya kuɗin gaba, ta shiga kasuwar da kanta, ta ga madafar gidan da inda za ta shanya wanki, ta kuma gaisa da matan da za su zama maƙwabtanta.